Kuɗin Littafi, Daga Akwatin Baƙo Zuwa Tsakar Gidanmu

Mutanen Sarkin Yamma da Safo da Jiratawa, na Gabi da Ɗan Isa da na cikin Madarumfa, har da ku na birnin Maraɗi da kuke jin mu a kasuwa ko a fada ana zuba shayi, barkanmu da war haka, barkanmu da kaka. Allah ya sa abin da aka zuba a rumbu ya kai mu wata damina.

Kowace shekara watan Oktoba da baƙi biyu yake zo mana: hatsi ya shigo gida, lakwal kuma, wato makarantar boko, ta buɗe. Maigida bai gama ɗaurin dammunan gero ba, yaro ya miƙo masa ƴar takardar da mushe, wato malamin aji, ya rubuto: kaye na rubutu kaza, bik shuɗi da ja, allo, alli, jaka. In ɗan kwalej ne, can ƙasan takardar akwai sunan littafi, kuma daidai nan fuskar maigida take sauyawa. Lokacin ne kowa ya kai hatsi kasuwa, tiya ta faɗi warwas, kayan lakwal kuwa sun hau don kowa na nema. Ka sayar da naka ranar da ya fi araha, ka sayi na wani ranar da ya fi tsada. Sharhinmu na yau a kan kuɗin littafi yake, amma zan ɗan zagaya da ku, zan faro daga mutanen Italiya.

Kada wani ya ce ina ruwan biri da gada. Dattawanmu da suka yi ci-rani a Najeriya sun san su sarai. Madatsar ruwan Kainji da aka gama a 1968, kamfanonin Italiya ne suka gina ta. Ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda ba wata nisa ce da mu ba, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikinta har aka kammala a 1978. Akwai wani ɗan ƙauye a arewacin ƙasarsu, Roasio, wanda tun farkon ƙarnin da ya wuce samarinsa ke tahowa Najeriya da Gana aikin gini da shimfiɗa hanya, har suka gina gidan tarihi a ƙauyen don tunawa da masu tafiya neman. A Legas suna da makarantarsu da ake koyarwa da Italiyanci, mai sunan Enrico Mattei. Su ma ƴan ci-rani ne na asali. Daga 1876 zuwa 1915 kimanin mutum miliyan 14 talauci ya kora daga Italiya, suka bazu Amurka da Ajantina da Burazil da Faransa. Ɗacin barin gida ba labari aka ba su ba.

To, idan iyaye ƴan Italiya mazauna wata ƙasa suka haɗu, da zarar sun gama ƙorafin abinci, wanda ba ya ƙarewa a bakinsu, sai zancen yara da littafi. Yaro yana makarantar Turanci ko Faransanci ko Jamusanci. Yana jin harshen gida, amma bai iya karanta shi ba, in kakarsa ta kira daga ƙauye sai e da a'a. Littafin Italiyanci babu shi a kantunan garin da suke zaune. In an aika a sayo daga gida, kuɗin aikowa wani sa'in sai ya kusa kamo kuɗin littafin. Shi ya sa in suka je hutu za su dawo, uwa takan zauna gaban akwatin da kamfanin jirgi ya ƙayyade wa kilo 23 tana lissafi: taliya da cuku nawa za su shiga, littafin yara nawa. Wanda ɗansa ya girma ya miƙa wa wanda nasa ke tasowa, littafi ɗaya ya yi ta zaga gidaje har bangonsa ya cire.

Damuwar ba ta yau ba ce a wurinsu. Tun 1889 suka kafa ƙungiya mai sunan babban mawaƙinsu Dante Alighieri, don kada ƴaƴan waɗanda suka fita su rabu da harshen, kuma har gobe tana da rassa a ƙasashe da yawa. A can gida, tun shekarun 1960 hukuma ta ɗauke wa iyaye kuɗin littattafan firamare: a ba yaro takardar shaida, a kai kanti a karɓo, hukumar gari ta biya. Bayan firamare kuwa aljihun uba ne, kuma kowace Satumba jaridunsu cike suke da kukan tsada, sak irin namu. A 1999 likitocin yara da masu kula da ɗakunan karatu suka haɗa kai suka fito da wani shiri, Nati per Leggere, inda likitan da ke awon jariri shi ne zai ce wa uwa ta riƙa karanta masa littafi da babbar murya tun yana goye.

Kuma labarin yara da ya fi kowanne suna a ƙasarsu, Pinocchio na Carlo Collodi, wanda ya fito littafi a 1883, akwai zancen nan namu a cikinsa. Tsoho ne masassaƙi matalauci, ya sayar da rigar sanyinsa ɗaya tilo, ana tsakiyar sanyi, ya sayo wa yaronsa Pinocchio littafin koyon baƙaƙe. Yaro ya kama hanyar makaranta, ya ji kiɗa, ya sayar da littafin ya shiga kallon wasa. Duk uban da ya taɓa kai akuya kasuwa saboda lakwal, sannan ya tarar da kayen a hannun mai ƙosai ana naɗe-naɗe, ya san zafin da tsohon nan ya ji.

Mu dawo gida. Kwanan baya ina zaune ƙofar gidan wani dattijo a nan yankinmu, sai saƙon murya ya shigo salularsa daga ɗansa da ke aikin gini a Tamanrasset ta Aljeriya. Ya kira jikansa ya danna masa. Sai ga murya: “Baba, ina wuni, ya ƙoƙari? Na aiko da jika talatin. A sai ma yara kayan lakwal, a ɗinka masu kaya, abin da ya saura a ba Inna ta sa a cefane.” Tsoho ya sa albarka, sannan ya ce a danna masa ya maida amsa: “Allah ya yi maka albarka, ya tsare. Amma ita ɗiyarka ta kwalej ta ce akwai littafi da aka ce su saya.” Ba a jima ba amsa ta dawo: “Baba, littafin nan dole ne? Ba mushe na rubuta masu a allo ba? Ta kwafa mana. Ka ce ma babban yaron salularsa na nan tafe da wanda zai zo Sallah.” Yarinyar tana bayan zana tana wanke kwanoni, duk a kunnenta. Ba ta ce uffan ba.

Ban ɗora wa bawan Allahn nan laifi kacokan ba. Siminti yake ɗauka a ƙasar da kullum yana cikin fargabar a kwashe su a zubar bakin iyaka, kuma abin da ya samu bai ci shi kaɗai ba. Sai dai ku dubi lissafin. Salula tana da gurbi a kasafin gida, kayan Sallah suna da gurbi, gudummawar biki tana da gurbi, littafi kuwa sai an tambaya ko dole ne. Haka yake a bakin masu ci-rani a Sabha ta Libiya, haka a bakin na Abijan da Legas, haka kuma a bakin mu da muke zaune gida.

Ga abin da ya fi tsaya mini a rai. Ba’italiye sai ya bar ƙasarsa tukun ɗansa ke rabuwa da littafin harshen gida. Mu kuwa ɗanmu a ɗakin uwarsa yake kwana, wataƙila bai taɓa wuce Maraɗi ba, amma ranar da aka rubuta shi a aji na farko ya zama baƙo. Harshen da yake mafarki da shi, wanda yake faɗa da shi, wanda kakarsa ke yi masa tatsuniya da shi, a bakin ƙofar aji yake ajiye shi. Ana so ya koyi abu biyu a lokaci guda: yadda baƙaƙe ke haɗuwa su ba da sauti, da kuma ma'anar sautin a harshen da ba wanda ke yi a gidansu. In ya dawo da yamma da ɗan abin da ya kwafa, ba uwa ba uba, babu mai ce masa nan ka yi daidai, nan ka kuskure. A 2014, da aka auna karatun ƴan firamare a ƙasashe goma na Afirka masu aiki da Faransanci, awon da ake kira PASEC, a Nijar ko ɗaya cikin goma na masu gama firamare bai kai matakin da ake so a karatu ba. An samu ci gaba a awon 2019, amma har a lokacin mafi yawansu ba su kai ba. Malamai ake zagi a kan haka, alhali mushe ɗaya da yara cike da rumfar zana, littafi ɗaya a hannun mutum nawa, me zai yi?

Ba yau hukuma ta san da matsalar ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke farawa da Hausa kafin a shigo masa da Faransanci, kuma waɗanda suka bi sawun irin makarantun sun sha faɗa cewa yaransu sun fi saurin kama karatu. Amma shekara da shekaru sunan gwaji bai fita daga kansu ba. A watan Maris na 2025 sabon kundin da ake tafiyar da ƙasa da shi ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. An yi murna a nan, wasu ƴan'uwanmu masu wasu harsunan kuma sun yi ƙorafi, kuma ƙorafinsu abin saurare ne. Ni tambayata ƙarama ce: tun daga ranar, gida nawa ne a Sarkin Yamma littafin Hausa ya shiga?

Kafin wani ya ce na raina talaucin mutane, bari mu yi wa tsada adalci, don tsada gaskiya ce. Littattafan Faransanci da ake nema a kwalej da lise, da yawansu a waje ake buga su. Wanda aka buga a Yamai ma, takardar da tawadar daga waje suke zuwa. Dattawan malamai ba su manta da Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, aka kwana aka tashi duk abin da ake sayowa daga Faransa ya ninka. Iyaye da yawa tun daga lokacin suka yi sallama da kantin littafi, suka koma wurin masu shimfiɗa tsofaffi a ƙasa bakin kasuwa, inda za ka samu littafin lissafi babu shafukan tsakiya. A 2023 kuma hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, kowane kilomita da aka ƙara a kan mai saye yake faɗawa. Wanda ya ce littafin lakwal ya fi ƙarfinsa, sau da yawa gaskiya ya faɗa, kuma wannan nauyi ne da ya kamata hukuma ta ɗauka, kamar yadda ta Italiya ta ɗauki na firamare.

Amma akwai wani littafin da ba ya hawa jirgin ruwa. Daga Maraɗi zuwa Katsina bai cika kilomita 100 ba, Kano kuma tana gaba kaɗan, kuma nan ne babbar kasuwar littafin Hausa ta duniya. Tun asali da araha aka gina ta. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, kwabo ɗaya ake sayar da ita, kuma mutum ɗaya ke saye ya karanta wa majalisa guda. Gasar rubuta littafi da aka yi a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Gandoki da Shaihu Umar. Magana Jari Ce ta biyo baya a ƙarshen shekarun 1930, har yau ana buga ta. Akwai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, akwai jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya, akwai ƙananan littattafan koyo irin su Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu. Da tattalin arzikin Najeriya ya tabarbare a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasa da matan aure a Kano suka shiga buga nasu da kuɗin aljihunsu. Balaraba Ramat Yakubu, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, da ɗaruruwa irinsu. Dabararsu ita ce a raba labari kashi-kashi, na ɗaya, na biyu, na uku, a buga a takarda mai araha, don kuɗin kowane kashi kada ya fi ƙarfin matar da ke tara ribar ƙuli-ƙuli. Wadda ba ta iya saye ta karɓi haya ta kwana ɗaya ko biyu. Mata da yawa da aka cire daga makaranta aka yi wa aure, a waɗannan littattafan suka ƙarasa koyon karatu, ba a aji ba. Abin da iyayen Italiya ke yi da akwatin jirgi, matan Kano sun daɗe suna yin sa da lulluɓi daga gida zuwa gida.

Yanzu kuma naira ta faɗi tun 2023, sefa ta yi nauyi a kasuwar Jibiya, mai jika ɗaya yana sayen abin da da bai isa ba. Ƴan kasuwarmu suna zuwa Kantin Kwari a Kano su ciko mota da atamfa da shadda, su sayo robobi da takalma. Katan ɗaya na littafi bai fi ƙarfin motar ba. Na san hanya ba lafiya kamar da, ƴan bindiga sun hana mutanen iyaka barci, Allah ya kawo mana ƙarshensu. Amma atamfa ai tana isowa.

Wani zai ce yaronmu da haruffan Faransanci ya saba. Gaskiya ne zai yi ɗan tuntuɓe: inda ya saba ganin haruffa biyu don sautin u, zai tarar da ɗaya, ga kuma masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Abin kwanaki kaɗan ne ga wanda ya riga ya san baƙaƙe. Kuma a nan ne wani abu ke faruwa wanda na gani da idona. Wata yarinya ƴar aji shida aka ba littafin tatsuniya, bayan isha, ga ƴar fitilar sola a kan turmi. Tana ja a hankali, harafi bayan harafi, irin karatun lakwal da babu rai a cikinsa. Rubutun Hausa ba ya nuna inda ake jan wasali ko inda murya ke hawa da sauka, sai ta karanta wata kalma a karkace. Kakarta da ke gefe tana ɓarar gyaɗa, wadda ba ta taɓa riƙe alli ba, ta ce: “A'a ƴar nan, ba haka ake cewa ba, sake.” Ta sake, ta faɗa daidai, ta yi dariya don yanzu ta ji abin da ta karanta. Da aka kai inda gizo zai yi ƙarya, tsohuwa ta riga ta faɗa, yara suka ce “Kaka, bari ta karanta mana!” Shekara shida yarinyar tana lakwal, ranar ce aka fara gyara mata karatu a gidansu, kuma wadda ta gyara ba ta san ko harafi ɗaya ba. Wannan ba ya yiwuwa da littafin Faransanci. Yaron da ya gane cewa rubutu magana ce, Faransancin ma sai ya fi yi masa sauƙi, don abu ɗaya ya rage masa ya koya maimakon biyu.

Akwai kuma baƙinmu. Tun 2019 dubban mutane daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi gudun ƴan bindiga. Ƴaƴansu da suka fara boko da Turanci sun tarar da namu na Faransanci. Littafin da ɗan baƙo da ɗan gida za su zauna tabarma ɗaya su karanta tare, na Hausa ne kaɗai.

Kada kuma a ce mu ba masu sayen littafi ba ne. Je ka ƙofar masallacin Juma'a ka gani. Ƙawa'idi, Ahalari, Ishmawi, Iziyya, Risala, ga izu-izu na Alƙur'ani, ga waƙoƙin wa'azi da ajami. Ba uban da malamin zaure zai ce ɗansa ya kai Ahalari ya tambaya ko dole ne. Yana saye da farin ciki, har ya yi sadaka. Kuma karatun mutum ɗaya jama'a na saurare gadonmu ne: Nana Asma'u ƴar Shehu, wadda ta rasu a 1864, jajis ɗinta, wato matan da ta horar, suna tafe ƙauye-ƙauye da rubutattun waƙoƙi suna karanta wa mata. Al'adar tana nan da ranta, ba mu dai shigar da littafin labari da na sanin duniya cikinta ba.

Na san tsoron da ke zukatan iyaye, musamman a kan littattafan soyayya: kada su buɗe wa yarinya ido. A Kano ma an yi wannan rigima, har a 2007 gwamnan lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya jagoranci ƙona wasu a bainar jama'a. A cikinsu akwai na banza, ba na musu. Amma maganin abin shi ne babba ya fara dubawa, ko a karanta a tsakar gida kowa na ji. Abin dariya shi ne uban da ya hana littafin da zai iya buɗewa ya gani, shi ne ya sayo salular da bai san abin da ke cikinta ba. Marubutan ma yanzu can suka koma, don takarda ta yi musu tsada: ana sayar da labari ta WhatsApp, ana karanta shi a YouTube mutane na saurare. Sauraro da daɗi, mu ƴan rediyo ba za mu kushe shi ba, da shi muke ci. Amma yaron da ke saurare kunnensa ne ke aiki, idonsa bai koyi komai ba, kuma kuɗin da ake zubawa a kati wata bayan wata ba a ganin sa, na littafi ne da ake biya sau ɗaya ke tsone ido.

Inda muke da giɓi na gaske shi ne littafin ƙananan yara, mai manyan haruffa da hotuna, wanda ɗan shekara biyar zai riƙe. Kasuwar Kano ta manya ta yi wa tanadi. A Yamai akwai maɗaba'ar Gashingo da ke buga na harsunan ƙasa, amma kafin littafinsu ya iso ƙauye sai dai in wata ƙungiya ce ta sayo ta raba, in aikin ƙungiyar ya ƙare shi ke nan. Ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo a Maraɗi cike da matasa, ga masu zane, ga tsofaffi da tatsuniya a ka. Wani abin mamaki, a birnin Napoli na Italiya akwai jami'ar da ake koyar da Hausa, har wani malaminta, Sergio Baldi, ya fitar da ƙamus na Hausa da Italiyanci a 2015. Ɗalibi a can yana da ƙamus na harshenmu a kan teburinsa, a makarantun ƙauyukanmu kuwa sai ka yi yawo kafin ka ga ɗaya.

To me ke hannunmu, kafin hukuma ta motsa? Iyayenmu mata, ku kuka fi kowa iya adashi. Matan da ke tsinkar zogale a fadamun Sarkin Yamma da Jiratawa suna kai wa kasuwa, ba wanda zai koya musu tara dala-dala. In ƙungiya ɗaya ta ware ɗauka guda a shekara ta ba amintaccen direba ko ɗan kasuwa mai zuwa Katsina, littattafan da zai kawo sun isa unguwa. A samu akwatin ƙarfe mai murfi, don gara da ɓera da ɗigon damina sun fi yara cin littafi, a ɗora shi kan duwatsu a ɗakin wata dattijiya da ake jin nauyinta. A ba wata ƴar kwalej kaye ta riƙa rubuta wanda ya ɗauka da ranar da zai maido. Wanda ya yaga ya biya, ba sani ba sabo. Kada a ajiye a lakwal in ajin na zana ne. Gobarar da ta ci yara a wata makaranta a Maraɗi a Nuwamban 2021, Allah ya jiƙansu, ta isa ta tuna mana irin ɗakunan da ƴaƴanmu ke zama a ciki, kuma ko ba wuta, in aka tashi hutu ba mai tsaron kayan.

Kwamitin iyaye da ke kula da lakwal, in kun zauna kan kuɗin alli da gyaran rumfa, ku sa wannan a cikin zancen. Ku masu riƙe da hukumar gari, a kasafin shekara layi ɗaya ne, kuma ya fi kujerun roba na taro daɗewa. Ku kuma ƴan'uwa da ke Aljeriya da Libiya da bakin teku, waɗanda ake tura wa shirin nan ta salula, in za ku aiko da saƙo gida, ku ambaci littafin da bakinku, ku ce ga kuɗinsa daban. In ba ku ambata ba, cefane zai cinye, kuma ba laifin Inna ba ne. In kun kira, bayan gaisuwa ku ce a ba yaro wayar ya karanta muku shafi ɗaya.

Malamai da tsofaffin ma'aikata da suka yi ritaya, da yawanku kuna da katan a ƙarƙashin gado, Magana Jari Ce da sauransu tun na zamanin samartaka. Ku fito da su ku kakkaɓe, ku duba waɗanda gara ta bari. Duk unguwar da ta riga ta kafa akwatinta, a aiko mana da labari ta hannun wakilinmu, mu faɗi sunan garin a shiri na gaba don masu littafi su san inda za su kai.